Hi-Lo, KO ko Zen: Wane Ƙirgen Karta Ne Ya Cancanci Wahalar Koyo?

Bayan la'asar ne, muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida muna jiran zafi ya sauka, ɗan ƙanwata da ya dawo hutu daga Dutse ya miƙo mini wayarsa.

"Kawu, kai da kake koyar da lissafi, duba mini. Wannan ya ce Hi-Lo, wancan ya ce Zen ya fi shi, ga wani kuma yana cewa duk wanda bai iya Omega II ba wasan yara yake. Wanne zan koya?"

Na ce, "Ka koya ka yi me da shi?"

Ya sosa ƙeya, ya ce an ba su aikin gabatarwa ne a kan lissafin yiwuwa, shi kuma ya zaɓi ƙirgen karta a wasan bilakjak, wato yadda ake kimanta wanda ke da rinjaye, ɗan wasa ko gidan caca, daga katin da ya riga ya fita. Na yarda da rabin maganar. Na fara da waccan tambaya ne saboda na san inda muke. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, kuma tun shekarar 2000 Kano da Jigawa suke ƙarƙashin dokar shari'a da ta hana ta. Akwai ma malaman da ba sa son ganin karta a hannun mutum ko da babu sisi a kan tabarma. Shi ya sa a kulob ɗin lissafi na makarantarmu ba kartar kanti muke amfani da ita ba. Kwalin taliya muke yankawa gida 52, mu rubuta lambobi da biro ja da baƙi, zubi kuma da ƙwayar wake, in an tashi a mayar da waken cikin kwano.

Abin da ya sa nake kai wannan wasa aji shi ne karta tana tuna abin da ya wuce. Kwabo in ka cilla shi sau goma, na sha ɗaya bai san da na baya ba. Amma katin da ya fita daga fakiti ya fita ke nan, kuma fitarsa ta sauya abin da ya saura. Wannan ita ce tambayar jarrabawar WAEC da ke kayar da yara kowace shekara, ta ciro ƙwallo daga jaka ba tare da an mayar ba. Ƙirgen karta ita ce tambayar nan, sai dai an sa mata gudu.

Ga wanda bai san wasan ba, ba shi da wuyar faɗi. Kati daga 2 zuwa 10 kowanne darajarsa lambarsa. Masu hoto uku, J da Q da K, duk goma ne, don haka fakiti ɗaya mai kati 52 yana da goma har 16. Katin A kuwa yana zama 1 ko 11, yadda ya fi maka. Kana son ka fi mai rabo kusantar 21 ba tare da ka haura ba, wanda ya haura ya ƙone. Mai rabon, wanda suke kira dila (sunan ya dace da shi ta ko'ina), ba shi da zaɓi: in yana da 16 ko ƙasa dole ya ƙara kati, a 17 ya tsaya. Ribar gidan caca tana fitowa ne daga abu guda: kai kake fara ja, in ka ƙone an kwashe zubinka ko da shi ma dila zai ƙone daga baya. Abin da aka rage maka zafi da shi shi ne in katinka biyu na farko A ne da goma, 21 ta farko ke nan, a biya ka ɗaya da rabi, wato naira 1,500 a kan zubin 1,000.

A 1956 wasu sojojin Amurka huɗu, Baldwin da Cantey da Maisel da McDermott, suka zauna da injin lissafi na tebur suka fitar da mafi kyawun abin yi a kowane hali: yaushe za a ƙara, yaushe za a tsaya, yaushe za a ninka zubi ko a raba tagwayen kati. Wanda ya haddace wannan tsarin asali ya rage rinjayen gida zuwa kusan kashi 0.5 cikin 100 a wasan fakiti shida mai dokoki masu sauƙi. Har yanzu gida ke ci, sai dai a hankali. Edward Thorp, malamin lissafi a jami'ar MIT, shi ya ɗora daga nan da kwamfutar IBM 704, ya buga littafinsa Beat the Dealer a 1962, ya nuna cewa akwai lokutan da abin da ya saura a fakiti ke juya rinjayen ya koma hannun ɗan wasa.

Dalilin a fili yake. In goma da A suka yi yawa a sauran karta, za a riƙa samun 21 ta farko da yawa, kai ana biyanka ɗaya da rabi, shi dila in ya samu ɗaya kawai yake karɓa. Sannan dila da ke riƙe da 15 ko 16 dole ya ja, goma kuwa ƙona shi za ta yi. Ƙananan kati su ne masu ceton dila. Saboda haka fitar ƙaramin kati alheri ne gare ka, fitar babba hasara.

Ma'aunin da ake gwada kowa da shi

Kafin a ce wane tsari ya fi, sai an san da me ake aunawa, ko a kasuwar hatsi sai an yarda da tiya kafin a fara ciniki. Peter Griffin, wani malamin lissafi a Kalifoniya, ya lissafa yadda cire kati ɗaya tak daga cikakken fakiti ke sauya rinjayen ɗan wasa. Cire 2 yana ƙara masa kusan kashi 0.38 cikin 100, cire 3 kuwa 0.44, cire 4 yana ba da 0.55, cire 5 shi ne sarki da 0.69, sai 6 da 0.46, sai 7 da 0.28. Katin 8 ba ya tsinana komai, sifili ne. Cire 9 yana rage 0.18, cire goma yana rage 0.51, cire A yana rage 0.61.

Waɗannan lambobi goma su ne gaskiyar wasan. Babu mai iya tara 0.38 da 0.69 a ka yana kallon kati na zubowa, don haka kowane tsarin ƙirge ƙoƙari ne na maye su da lambobi masu sauƙin ɗauka. Tsarin da lambobinsa suka fi kama da na Griffin shi ya fi sanin lokacin da rinjaye ya dawo wajenka. Wannan shi nake kira dacewar zubi, ana auna ta daga 0 zuwa 1. Akwai ma'auni na biyu, ingancin wasa, wato yadda ƙirgen ke gaya maka lokacin da za ka saɓa wa tsarin asali, misali ka tsaya a 16 maimakon ka ja. Na uku ƙarami ne, na inshora: in dila ya nuna A ana ba ka damar yin zubi na gefe cewa katinsa na rufe goma ne, a biya ka ninki biyu. Wannan zubi ba ya da riba sai goma sun haura kashi ɗaya bisa uku na sauran karta. A cikakken fakiti 16 ne cikin 51, bai kai ba.

Tsarin Thorp mai ƙirga goma a nan ya fi kowa. Kana riƙe lamba biyu a ka, waɗanda ba goma ba su 36 da goma su 16, kana raba wannan da wancan bayan kowane zagaye. A farko amsar 2.25 ce, in ta faɗi ƙasa da 2 inshora ta zama riba. Daidai yake ƙwarai a wannan fanni, amma nauyinsa ya yi yawa, kuma da gidajen caca suka koma zuba fakiti da yawa a akwati ɗaya sai ya zama kayan tarihi.

Hi-Lo

Harvey Dubner, injiniya, shi ya gabatar da Hi-Lo a 1963 a wani taron masana kwamfuta a Las Vegas, daga baya Julian Braun da Stanford Wong suka gyara masa zama. Daga 2 zuwa 6 kowanne +1 ne. 7 da 8 da 9 sifili. Goma da A kowanne -1. Shi ke nan. Fakiti yana da ƙanana 20 da manya 20, don haka in ka ƙirga fakiti har ƙarshe dole ka dawo sifili. Wannan dawowa sifili ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo, domin ita ce malamin da ke duba maka aiki ko babu kowa a kusa: in ka gama da +1 ko -2, ka san ka yi tuntuɓe a hanya.

Abin da kake tarawa kati bayan kati ɗanyen ƙirge ne, kuma shi kaɗai ba ya faɗin gaskiya. Cokali ɗaya na gishiri a 'yar tukunyar miyar mutum biyu daban yake da cokali ɗaya a tukunyar biki. Sai ka raba ɗanyen ƙirgen da yawan fakitin da ya saura, ka sami tataccen ƙirge. A ce ana wasa da fakiti shida, ɗanyen ƙirgenka +8. In saura fakiti huɗu, tataccen +2 ne. In saura biyu, +4 ne. Lambar da ke kanka ɗaya ce, amma halin da ake ciki ya sha bamban.

Daga nan kimanta rinjaye ya zo da sauƙi, domin kowane maki ɗaya na tataccen ƙirge yana daidai da kusan kashi 0.5 cikin 100. Ka fara da bashin 0.5 na gida. A +1 kun yi kunnen doki. A +2 kana gaba da kusan 0.5, a +4 da kusan 1.5. Ba na jin akwai wani tsari da ke ba ɗalibi hanya miƙaƙƙiya haka daga katin da ya gani zuwa kason rinjaye.

Dacewar zubinsa 0.97 ce, kuma ba sai an karɓa a makance ba. Na sa ɗan ƙanwata ya ninka kowace lambar Hi-Lo da ta Griffin ya tara, yana tuna cewa goma iri huɗu ce, ya sami 5.17. Ya raba da tushen 10, wanda shi ne jimillar murabba'in lambobin Hi-Lo, ya sake rabawa da tushen 2.85 na lambobin Griffin. Amsa ta fito 0.968. Ya ɗago ya kalle ni kamar na yi masa siddabaru. Raunin Hi-Lo yana wajen ingancin wasa, 0.51 kacal, inshora kuma 0.76.

Akwai wata fa'ida da ba a auna ta da lamba. Yawancin abin da aka rubuta a wannan fanni da harshen Hi-Lo aka rubuta shi. Don Schlesinger ya tace wurare 18 da saɓa wa tsarin asali ya fi amfani, kuma da ma'aunin Hi-Lo aka fi sanin su: karɓi inshora daga +3, tsaya a 16 gaban goman dila daga sifili, tsaya a 15 gaban goma daga +4, tsaya a 12 gaban 3 daga +2. Wanda ya ɗauki wani tsari daban sai ya nemo nasa jadawalin.

Ga wanda rabawa ke ba shi ciwon kai

Matsalar Hi-Lo a aikace ba tarawa ba ce, rabawar ce. Sai ka kalli tulin katin da aka riga aka zubar ka ƙiyasta da ido fakiti nawa ne, kamar yadda dillalin Maigatari ke kallon sa ranar Alhamis ya faɗi kuɗinsa bai taɓa shi ba, sannan ka cire daga shida, sannan ka raba. Daga nan tsare-tsare karkatattu suka samo kasuwa, waɗanda da gangan aka hana su komawa sifili.

KO na Olaf Vancura da Ken Fuchs ya ɗauki Hi-Lo ya ƙara abu ɗaya: katin 7 ma +1 ne. Yanzu ƙanana sun zama 24, manya 20, kowane fakiti yana barin rarar +4. Don haka ba daga sifili ake farawa ba. A fakiti shida daga -20 ake tashi, in an ƙare akwati a sauka a +4. Babu rabawa. In ƙirge ya kai -4 a fara ƙara zubi, shi ke nan dokar.

A nan na fi daɗewa da yaron, domin a nan ne lissafin ya fi daɗi. In ka warware KO, tataccen ƙirgen da ke ɓoye a cikinsa shi ne: ka cire 4 daga ƙirgenka, ka raba da fakitin da ya saura, ka ƙara 4. Duba abin da ke faruwa in ƙirgen ya kai +4 daidai. Huɗu a cire huɗu sifili, sifili ko da me ka raba shi sifili ne, saura 4. Wato a wannan matsayi guda KO ba ya kuskure ko kaɗan, ko saura fakiti biyar ko saura ɗaya. Amma da zarar ka yi nisa da wannan turke sai igiya ta fara saki. A ce ƙirgenka -10 ne saura fakiti biyar: -14 a raba da 5, a ƙara 4, ya ba da +1.2. Gida ya riga ya rasa rinjayensa, amma KO yana ce maka tukuna. A ce kuma ƙirgen -4 ne saura fakiti ɗaya da rabi: -8 a raba da 1.5, a ƙara 4, ya ba da kusan -1.3. Gida ne a gaba, KO kuwa yana ce maka zuba. A farkon akwati yana da nawa, a ƙarshensa yana da garaje.

A takarda lambobinsa sun ɗan ɗara na Hi-Lo, dacewar zubi 0.98, ingancin wasa 0.55, saboda ya ba 7 haƙƙinsa. To amma tambayar da muka taso da ita ita ce kimanta rinjaye, kuma a nan KO amsa ɗaya yake bayarwa, "ya yi" ko "bai yi ba". Ba ya gaya maka nawa. In kuma ka ce za ka tace shi don ka san nawa ɗin, ka dawo wa rabawar da ka gudu daga gare ta.

Ɗan'uwansa shi ne Red Seven na Arnold Snyder, wato jar bakwai, wanda ya riga KO fitowa tun farkon shekarun 1980. Jar 7 ana ba ta +1, baƙar 7 sifili, dabara ce ta ba 7 rabin maki ba tare da an furta rabi ba. Rararsa +2 ce a fakiti, a fakiti shida ana tashi daga -12, turkensa kuma sifili, wanda ya yi daidai da tataccen +2. Ni turken jar bakwai ya fi burge ni, domin yana tsaye ne a bakin inda rinjaye ke fara juyawa, inda aka fi bukatar gaskiya. Na KO yana can sama a +4, wurin da ba kullum ake kaiwa ba.

Rigimar katin A

Duk sauran tsare-tsaren da yaron ya gani a waya, tushen bambancinsu kati ɗaya ne. Katin A jemage ne, ba tsuntsu ba ba dabba ba. Wajen zubi babba ne, ya ma fi goma daraja, 0.61 gaban 0.51, domin babu 21 ta farko sai da shi. Wajen wasa kuwa ƙarami ne: in kana da 16 ka jawo A ba ka ƙone ba, 17 ka samu. Hi-Lo ya haɗa shi da goma a buhu ɗaya, shi ya sa ya iya zubi bai iya wasa ba.

Hi-Opt I, wanda Lance Humble da Carl Cooper suka yaɗa, ya bi ɗaya hanyar. Daga 3 zuwa 6 +1, goma -1, A da 2 duk sifili. Ingancin wasa ya hau zuwa 0.61, inshora 0.85, amma dacewar zubi ta faɗo 0.88. Don a cike wannan giɓi sai a riƙa ƙirga A daban a gefe, a san ko an fitar da fiye da guda ɗaya a kowane kati 13 ko ƙasa da haka, a gyara ƙirge kafin zubi, a mayar da shi kafin wasa. Lamba biyu ke nan a ka ɗaya.

Sai masu hawa biyu, inda wasu kati ke ɗaukar 2. Hi-Opt II yana ba 4 da 5 maki +2, sai 2 da 3 da 6 da 7 maki +1, goma -2, A sifili. Omega II na Bryce Carlson yana ba 4 da 5 da 6 maki +2, sai 2 da 3 da 7 maki +1, 9 kuma -1, goma -2, A sifili. Dukansu ingancin wasansu 0.67 ne, kusa da ƙololuwar abin da ƙirge guda zai iya, wajen 0.70. Dacewar zubi 0.91 da 0.92 in ba a ƙirga A a gefe ba, wato ƙasa da Hi-Lo da ake rainawa. Wannan shi ne abin da mai cewa "wasan yara" bai faɗa ba. Omega II ba tare da ƙirgen A ba, a akwatin fakiti shida, doki ne mai tsada da aka ɗaure masa ƙafa ɗaya.

Zen, shi ma na Snyder, sulhu ya yi. Lambobinsa kamar na Omega II ne, sai dai 9 sifili, A kuma -1, rabin na goma. Sakamakon: zubi 0.96, wasa 0.63, inshora 0.85, babu ƙirgen gefe. In har mutum zai bar Hi-Lo ya hau sama, nan nake ganin ya kamata ya sauka. Sai dai ya sani cewa makin Zen ba makin Hi-Lo ba ne. Tunda lambobin sun kusa ninkawa, maki ɗaya na tataccen Zen bai kai rabin kashi ba, ya fi kusa da rubu'i da 'yan kai, don haka jadawalin da ka haddace a baya ba zai bi ka ba.

Na ƙarshe shi ne Halves na Stanford Wong, mai rabi-rabi: 5 tana +1.5, 3 da 4 da 6 suna +1, 2 da 7 suna +0.5, 9 tana -0.5, goma da A -1. Ka duba ka gani, kusan hoton lambobin Griffin ne, shi ya sa dacewar zubinsa ta kai 0.99. Masu amfani da shi sukan ninka komai biyu don su rabu da rabin. Daga 0.97 zuwa 0.99 aka sha duk wannan wahala.

Wane ma'auni ne ya fi nauyi ya danganta da yawan fakiti. A fakiti ɗaya ko biyu, fitar kati kaɗan tana girgiza abin da ya saura, saɓa wa tsarin asali yana yawan tasowa, ingancin wasa yana biyan wahalarsa. A fakiti shida ko takwas ƙirge yana tafiyar hawainiya, kusan duk ribar daga sauya girman zubi take zuwa, nan kuwa Hi-Lo ya riga ya kwashi 0.97.

Sannan akwai abin da jadawali ba ya nunawa, domin kwamfutar da ta fitar da shi ba ta gajiya. A aji na gani da idona. Yaro da Hi-Lo yana ganin K da 5 tare ya share su bai ƙirga ba, sun kashe juna. Da Zen kuwa K da 3 saura -1, A da 6 saura +1, 7 da Q saura -1, kowane tagwaye sai ya tsaya ya yi tunani. Kuskure ɗaya a ɗanyen ƙirge ba ya tafiya, yana bin ka har ƙarshen akwati, kuma yana ƙara girma, domin abin da kake rabawa da shi raguwa yake yi. Ɗan abin da tsari mai nauyi ya fi mai sauƙi da shi, kuskure biyu ko uku sun isa su cinye shi.

Don haka ga abin da na gaya wa ɗan ƙanwata. In fahimta yake so, da abin da zai tsaya gaban aji ya kare, Hi-Lo. In ɗan aji uku ne na ƙaramar sakandare da nake so ya saba da lambobi masu alamar ragi, jar bakwai ko KO, tunda tashi daga -12 ana hawa zuwa sifili darasi ne mai zaman kansa. In ya ƙware a Hi-Lo har ya gundure shi, Zen. Hi-Opt II da Omega II da Halves kuwa ya lissafa dacewarsu a takarda, ya ga yadda aka gina su, ya wuce.

Sauran rabin maganar

Na ce na yarda da rabin abin da ya faɗa. Sauran rabin yana cikin wayar da ke hannunsa, domin na san irin manhajojin da ke yawo a wayoyin samarinmu har a rumfar mai cajin waya. Sai na gaya masa abin da babu tsarin da ya tsallake. Ƙirge yana aiki ne kawai in katin da ya fita bai koma ba. Bilakjak na manhaja galibi yana gauraya karta sabuwa fil bayan kowane zagaye, ƙirgenka kullum sifili ne, ko Thorp ne ya riƙe wayar. Gidajen caca da yawa a ƙasashen waje ma sun sa injin da ke mayar da kati yana gaurayawa ba tsayawa. Wasu sun rage biyan 21 ta farko daga 1,500 zuwa 1,200 a kan zubin 1,000. Tunda tana zuwa kusan sau ɗaya a zagaye 21, naira 300 a raba da 21 ya ƙara wa gida kusan kashi 1.4 cikin 100, fiye da duk abin da gwanin ƙirge ke fatan samu. Inda babu wannan duka, akwai kora. A jihar Nebada ta Amurka gidan caca yana da ikon sallamar wanda ya gane yana ƙirge. A Niyu Jazi wani gwanin ƙirge, Ken Uston, ya yi nasara a kotun ƙolin jihar a 1982 cewa ba za a kore shi ba, sai gidajen suka koma gauraya karta da wuri.

Ko a ce duk an bar maka, na ce ya ɗauki biro. Rinjayen kashi 1 cikin 100, zubin naira 1,000, zagaye 100: ribar da lissafi ke tsammani naira 1,000 ce. Amma kaiwa da komowar sa'a a zagaye ɗaya kusan 1.15 ne na zubi, a zagaye 100 kuma sai a ninka da tushen 100, ya zama naira 11,500 sama ko ƙasa. Na ce ya nemo zagaye nawa ake bukata kafin ribar ta kamo wannan lilo. Ya yi ta rubutu a bayan takardar maganin ƙwari, can ya ce 115 sau 115, wato 13,225. Na ce to, ko a nan ɗin, mutum ɗaya cikin shida yana ƙasa da uwar kuɗinsa, kuma wannan wanda bai yi kuskure ko ɗaya ba ke nan.

Ya yi shiru yana kallon lambar. Aka kira magariba, muka tashi.

Washegari da hantsi na tarar da shi a zaure da kartarmu ta kwalin taliya, ya ɓoye kati ɗaya a ƙarƙashin tabarma, yana juya sauran 51 ɗaya bayan ɗaya yana motsa leɓe, ƙanensa na riƙe da waya yana duba masa daƙiƙa. Masu wannan sana'a sukan ce sai ka iya gama fakiti cikin daƙiƙa 30 ba kuskure. Shi ya haura minti. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Kawu, na tsaya a +1, ke nan na ƙasan tabarma goma ne ko A." Ƙanen ya ɗaga tabarma, sai ga 8.

Ya tattara katin ya sake gaurayawa.